Wa Zai Buɗe Wa Gudajjen Bawa Ƙofa?

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙarami ne, mai karatu yana iya gama shi tsakanin azahar da magariba, amma cike yake da cinikin mutane. Da harin bayi labarin ya soma a Kagara, inda 'yan fada suka ƙulla wa Makau sharri har aka kore shi daga gari. An sace Umar yana yaro, aka bi da shi ta Kano, ya ƙare a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya tafi da shi Masar. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, wani Ado ya yaudare ta da alkawarin zai kai ta wurin ɗanta, ya sayar da ita. Sai a Tarabulus suka sake ganin juna, kuma ba ta daɗe ba ta cika. A tsawon wannan tafiya, daga Kagara har bakin Bahar Rum, ba a rasa mutanen kirki ba. Akwai masu ba baƙo abinci, akwai masu riƙon ɗan tsintuwa, akwai Abdulkarim da ya mayar da yaron bawa ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Mutum ɗaya ne babu: wanda zai tashi da tsakar dare ya kwance wa wani mari, ya nuna masa hanya.

Wannan giɓin ya cancanci a tsaya a kansa, musamman ga masu karanta littafin a makarantun Birnin Kudu da Gwaram, domin ƙasar da suke zaune a kai ta san gudun bayi sosai. Amma kafin a zo nan, yana da kyau a duba yadda adabin wata al'umma mai bayi ya sarrafa wannan mutumin da Shaihu Umar ya rasa.

A cikin Huckleberry Finn na Mark Twain, wanda ya fito a Ingila a 1884, a Amurka kuma a 1885, wani yaro farar fata marar galihu mai suna Huck ya gudu daga ubansa mashayi, ya haɗu da Jim, bawan wata tsohuwa, Miss Watson. Jim ya gudu ne don ya ji ana shirin sayar da shi can kudu a kan dala 800. Su biyun suka bi kogin Misisipi a kan wani dandamalin katako. Abin da ya sa littafin ya daɗe ana karanta shi shi ne irin azabar da Huck ya sha a hannun zuciyarsa. Duk abin da aka koya masa a gida da makaranta da majami'a ya nuna masa cewa Jim dukiyar wata baiwar Allah ce da ba ta taɓa cutar da shi ba, don haka abin da yake yi sata ce. Da Jim ya fara maganar zai yi aiki ya fanshi matarsa, in kuma an hana shi 'ya'yansa ya sa a sato su, sai jikin Huck ya yi sanyi, ya ɗauki kwale-kwale da niyyar ya tona masa asiri. A kan ruwa ya gamu da mutum biyu masu farautar gudaddun bayi, sai bakinsa ya ƙi. Ya bar su suka ɗauka cewa mahaifinsa ne kwance a dandamalin da ciwon agana, suka ja da baya da sauri, har suka bar masa kuɗin zinariya don tausayi. Daga baya, da aka kama Jim, Huck ya zauna ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa yana gaya mata inda bawanta yake. Da ya gama sai ya ji kamar an wanke shi daga zunubi. Sai kuma ya tuna daren da Jim ya yi gadi a madadinsa don ya sami barci, da yadda yake kiransa amininsa. Ya yage wasiƙar, yana mai yarda a ransa cewa ya zaɓi wuta ke nan.

Huck bai taɓa cewa bauta zalunci ce ba. Har ƙarshen littafin yana ganin shi ne lalatacce, masu bayi kuma su ne masu gaskiya. A 1974 wani masanin falsafa, Jonathan Bennett, ya yi rubutu a kan wannan, ya nuna cewa tausayi ne ya rinjayi mugun tarbiyyar da aka yi wa yaron, ba hujja ba. Twain ya gane wani abu mai ban tsoro, wato cewa muryar da mutum yake ji a ƙirjinsa tana hana shi laifi, ita ma tarbiyya aka yi mata, kuma a ƙasar masu bayi su ne suka yi mata. Doka ma tana bayansu. Dokar gudaddun bayi ta 1850 ta tanadi tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ga wanda ya ɓoye bawa, kuma jami'in da ke sauraron ƙarar dala 10 ake biyansa in ya mayar da mutum ga mai shi, dala 5 in ya sake shi. Harriet Beecher Stowe ta yi wa wannan doka ba'a a cikin Uncle Tom's Cabin na 1852, inda wani ɗan majalisa da ya goyi bayan hana taimakon gudaddu ya ga wata uwa, Eliza, da ɗanta a ɗakin girkinsa bayan ta tsallake kogin Ohayo a kan ƙanƙara, ya ɗauke ta a keken doki cikin dare ya kai ta maɓoya. Shi ya san dokar ce ba ta da kyau. Huck bai sani ba, shi ya sa labarinsa ya fi nauyi.

A ƙasar Hausa ma mai son taimakon gudajjen bawa yana da abin da zai sa jikinsa ya yi sanyi, kuma daga littattafan da ake karantawa a zaure yake fitowa. Risala ta Ibn Abi Zaid, a wurin bayanin ladan da ake yanka wa wanda ya nemo abin da ya ɓata, ta ambaci gudajjen bawa tare da raƙumin da ya tsinke. Muhtasar na Halil ya sa hukuncinsa a babin tsintuwa. Akwai hadisai masu tsoratar da bawan da ya guje wa ubangidansa, akwai kuma wanda ya yi tir da mai zuga bawa ya bijire, ya haɗa shi da mai raba mace da mijinta. Hanyar da aka yaba ita ce fansa. Sayyidina Abubakar sayen Bilal ya yi daga hannun mai azabtar da shi, sannan ya 'yanta shi. Zakka tana da kason 'yanta wuyaye, kaffarar rantsuwa da ta kisan kuskure sun haɗa da 'yanta bawa, Hausawa kuma suna da murgu, inda bawa zai riƙa sana'arsa yana biyan ubangidansa, wani har ya tara abin fansar kansa. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda dangi ke tara wuri su fanso nasu da mahara suka kama. Duk waɗannan hanyoyi ne na alheri, amma kowace a cikinsu tana bi ta aljihun mai bawa. Wanda ba shi da ko wuri ɗaya, sai ƙofar zaurensa da sanin hanyar daji, ba a tanadar masa suna ba in ban da ɓarawo.

Sai dai littattafan nan ba su bar mai bawa ya yi barci da minshari ba. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin da ya sa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama. Saboda haka komai ya rataya a kan tambaya ɗaya: wannan da ke cikin mari, bawa ne ko ɗa? Ahmad Baba na Tambutu ya amsa ta a 1615 a cikin Mi'irajus Su'ud, da mutanen Tuwat suka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasar baƙar fata. Ya ce launin fata ba shi ne dalilin bauta ba. Ya lissafa Kano da Katsina da Barno da Gobir da Sangai cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba, ya kuma goyi bayan alƙalan da ke karɓar maganar wanda ya ce shi ɗa ne daga irin waɗannan ƙasashe, su ɗora wa mai riƙe da shi nauyin kawo hujja. In aka auna da wannan ma'auni, mahaifiyar Umar 'ya ce Musulma, Ado ne ɓarawon, kuma duk wanda ya kwance ta da ya yi aikin lada.

Tarihi ya nuna an taɓa yin haka a fili, da rana tsaka. Gab da hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami da almajiransa, ta kwaso mutane. Da aka zo wucewa da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. A idon Alƙalawa wannan ƙwacen ganimar sarki ne, kuma abin da ya biyo baya sananne ne: hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, sai yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni. Ke nan cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi har da kuɓutar da kamammu daga hannun masu iko. Mutanen Degel sun fi Huck da abu guda, sun san suna kan gaskiya, ba su yi zaton wuta suka saya ba. Amma iyakar gaskiyarsu ita ce kamammun 'yan'uwansu ne Musulmi. Daular da suka kafa ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙasashen bayi na ƙarni na 19. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta bayin da ke cikinta a ƙarshen ƙarnin tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5.

Inda wannan iyaka ta fi fitowa fili shi ne bakin daular, kuma Maruta da Gwaram da Birnin Kudu a bakin suke. A wancan zamani ƙasar Kano ce, kudu da ita kuma duwatsun Ningi, tafiyar yini ɗaya ko biyu a ƙasa. Wajejen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda sun ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka shiga duwatsun, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Fa'awa, suka kafa mulkin da ya hana Kano da Bauchi da Zazzau sakat fiye da shekara hamsin. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Rundunar Kano in ta hau dutse takan sauko da kamammu, Ningawa in suka sauko fili sukan koma da nasu. Duwatsun sun zama mafaka ga wanda ya guje wa sarki ko ubangida, kuma su ɗin dai su ne kurkukun manoman da aka kwasa daga ƙauyukan kudancin Kano.

A ƙaddara wani manomi a Maruta a cikin waɗannan shekaru. Da dare wata Bawarjiya ta tsaya a bakin danga, ta gudo daga gandun wani basarake, tana neman ruwa da wanda zai nuna mata inda za ta ƙetare rafi. Ba Musulma ba ce, don haka fatawar Ahmad Baba ba ta rufe ta ba. Ba abokiyarsa ba ce, bai taɓa cin tuwo da ita ba, don haka abin da ya ceci Jim a hannun Huck ba zai cece ta ba. In ya ɓoye ta, ya ɓoye dukiyar mai iko, mai gari kuma zai ji kafin hantsi. Ƙari a kan haka, inda za ta nufa nan ne maharan da suka ƙone masa rumbu bara suke fitowa. Gaba kura, baya sayaki. Malamin garinsu zai ce masa ya mayar da tsintuwa, maƙwabtansa za su ce ya taimaki abokan gaba, kuma babu ɗayansu da yake ƙarya a bisa abin da ya sani.

Amma wannan manomi ya san wani abu da mazaunin tsakiyar birnin Kano zai iya kau da kai daga gare shi. Ya san ƙanwarsa, ko 'yar maƙwabcinsa, tana can bisa dutse tana daka wa wani hatsi, kuma fatansa dare da rana shi ne ranar da ta sami sarari ta gudu, ta dace da wani Bawarje da zai ba ta ruwa ya yi shiru. A bakin iyaka kowa ya san yadda ake zama bawa: an riga ka hawa doki ne kawai. Wanda aka kama da safe ɗa ne jiya, wanda ya kama shi kuma yana iya kwana a mari gobe, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shugabannin Ningi ma malamai ne da suka karanta Risalar nan, suna kama Musulmin Kano suna cewa sarakuna ne suka kauce hanya. Da zarar kowane ɓangare ya sami malamin da zai halatta masa kamun ɗayan, tambayar ɗa ne ko bawa ta tashi daga neman gaskiya, ta koma tambayar wa ya ci yaƙi. Abin da ya rage wa manomin shi ne abin da idonsa ke gani, mutum mai ƙishirwa da tabon igiya a wuya. Daidai ne ya ba ta ruwa ya nuna mata mashigi, kuma daidai ɗin bai jira ta yi kalmar shahada ba.

Irin wannan mutum ba ya barin suna. Tarihin Kano ya adana sunayen sarakunan da suka ci garuruwa, maroƙa sun adana kirarin mahara, amma wanda ya buɗe ƙofa da dare amincinsa yana cikin kada kowa ya sani, har 'ya'yansa. A Amurka masu ɓoye gudaddu sun sami damar ba da labarinsu bayan yaƙin basasa ya karya masu bayi a 1865. A Arewa ba a karya su ba, lallaba su aka yi. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Da bayi suka ga dauloli na faɗuwa, Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, sai suka yi ta kama hanya da ƙafarsu, Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta aƙalla 200,000 a shekarun cin ƙasar. Turawan da suka zo da tutar hana bauta sai suka tsorata kada gandaye su mutu, sarakuna su juya musu baya. Aka tsananta wa gudajje samun gona a sabon wuri, aka tura shi kotun alƙali ya fanshi kansa, macen da ta gudu kuma sau da yawa aka mayar da zancenta rikicin aure. Sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum.

Wannan ya taimaka wajen gane shirun Shaihu Umar. An rubuta shi ne don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga a 1934, shekara biyu kafin waccan sokewar. Marubucin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, malamin makaranta a Bauchi, an haife shi a 1912, mahaifinsa Bageri ne mai hidima a gidan hakimin Lere. Masu karatunsa na farko 'ya'yan sarakuna ne da 'ya'yan bayinsu, zaune a benci ɗaya. Ya nuna musu muguntar kamu da ciniki ba tare da ɓoye komai ba, kuma wannan ba ƙaramar jarunta ba ce a lokacin. Amma mafitar da ya ba su ita ce haƙuri da ƙaddara da dacen ubangida nagari. Umar ya dace, ya zama shaihi a Rauta. Mahaifiyarsa ba ta dace ba, ta ratsa Sahara ta shiga hannun wanda ya saye ta, ba a sami ko mutum ɗaya a ayari ko a masauki da ya ɗauki kasada dominta ba. Malamin da ke koyar da littafin yana tauye shi in ya tsaya a kan ilimin Umar da kyawun halin Abdulkarim, bai tambayi ɗalibai mutum nawa ne suka ga matar nan suka san 'ya ce suka ci gaba da harkarsu ba. Twain ma, in za a yi adalci, ya ja da baya a ƙarshe. Ya bayyana cewa Miss Watson ta rasu tun wata biyu, ta 'yanta Jim a wasiyyarta, wato ashe Huck bai saci kayan kowa ba. Shi ma ya mayar da mabuɗin hannun mai bawa.

Kada a ɗauka zancen ya tafi da zamanin wuri da dawaki. A 1996, a yankin Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, an sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, a kan sefa 240,000 ga wani mai mata huɗu, ta zama abin da ake kira wahaya a can. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, a 2005 kuma mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Ta tafi, ta auri wanda take so. A 2007 kotu a Ƙonni ta same ta da laifin aure kan aure, ta yanke mata ɗaurin wata shida, ita da sabon mijin da ɗan'uwanta da ya tsaya mata, aka kuma rufe ta tare da ɗan'uwan a gidan kaso. Ƙungiyar Timidria ce da lauyoyinta suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce an bautar da ita, gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Kafin wannan rana ɗan'uwan nata ya riga ya kwana wata biyu a kurkuku.